Lucene da Solr: Haɗin Aikin 2010 da Rabuwar 2021

A watan Maris na 2010, masu rubuta manhajojin bincike guda biyu da ke ƙarƙashin Gidauniyar Apache (ƙungiyar da ke kula da manhajojin da 'yan sa-kai ke ginawa), wato Lucene da Solr, suka kaɗa ƙuri'ar haɗe aikinsu: rumbun kod ɗaya, ma'aikata ɗaya, ranar fitar da sabuwar siga ɗaya. Bayan shekara goma suka sake kaɗa ƙuri'a, wannan karon don su rabu, kuma a watan Fabrairun 2021 Solr ta koma cin gashin kanta. Wanda ya ji labarin a taƙaice zai ɗauka kuskure aka tafka a 2010, aka zo aka gyara a 2021. Ni ban ga haka ba. A ganina kowace shawara cikin biyun ta dace da lokacinta, kuma duk mai niyyar tara jama'a su gina manhajar bincike mai buɗaɗɗen tushe, wato wadda kowa ke iya ganin kod ɗinta ya gyara, ya raba musu aiki, zai ƙaru idan ya san dalili.

Abin da ake ginawa

Manhajar bincike sassa ne da ke miƙa wa juna aiki. Akwai mai bin shafuka ko fayiloli yana kwaso su, akwai mai tsamo zallar rubutu daga cikin irinsu PDF, sannan akwai mai yanka rubutun kalma-kalma, ya mayar da manyan baƙaƙe ƙanana, ya zubar da ɗafe-ɗafe har ya kai ga saiwar kalma. Daga nan sai zuciyar aikin, wato fihirisa. Maimakon a ajiye kowace takarda da kalmomin da ke cikinta, sai a juya lissafin: a ajiye kowace kalma da jerin takardun da ta fito a ciki. Wannan juyi ne ya sa ake iya duba miliyoyin takardu cikin ƙiftawar ido. Bayan an samo takardun sai a auna wadda ta fi dacewa da tambaya a ɗora ta a sama. A ƙarshe kuma dole a sami ƙofar da za ta karɓi tambaya daga waje, ta raba nauyi tsakanin kwamfutoci idan ɗaya ta gaza ɗauka, ta mayar da amsa.

Doug Cutting ya rubuta Lucene a 1999 da harshen Java, kuma tsakiyar aikin kaɗai ya ɗauka: yanka kalmomi, gina fihirisa, da auna dacewa. Ba a kunna Lucene a yi bincike da ita kai tsaye. Ƙunshin kayan aiki ce da mai rubuta manhaja ke ɗauka ya saka a cikin tasa. Ta shiga Apache a 2001 a ƙarƙashin Jakarta, sashen gidauniyar mai kula da manhajojin Java a lokacin, ta zama babban aiki mai zaman kansa a 2005.

Sauran sassan sun taso a gefenta ɗaya bayan ɗaya. A 2002 Cutting da Mike Cafarella suka fara Nutch don bin shafukan yanar gizo. Da shafukan suka yi wa kwamfuta ɗaya yawa, suka rubuta hanyar ajiye bayanai da sarrafa su a kan kwamfutoci da dama, bisa dabarun da Google ta wallafa a 2003 da 2004. Wannan sashe ya yi girman da amfaninsa ya wuce bincike, sai aka cire shi daga Nutch a farkon 2006 aka kira shi Hadoop. Tika ta ɗauki aikin tsamo rubutu daga fayiloli. Ita kuwa Solr, Yonik Seeley ne ya fara ta a kamfanin CNET a 2004, kamfanin ya miƙa ta ga Apache a Janairun 2006, ta gama zaman renon da Apache ke yi wa sababbin ayyuka a Janairun 2007 ta shiga gidan Lucene. Idan Lucene inji ce, to Solr ita ce motar da aka ƙera a kan injin: da ƙofa, da sitiyari, da wurin zama. Kana girka ta a uwar garke, wato kwamfutar da ke yi wa sauran kwamfutoci hidima, ka turo mata takardu, ka yi mata tambaya ta intanet, ba sai ka iya Java ba.

Abin lura a nan shi ne, ba wanda ya zauna tun farko ya zana wannan rabo a takarda. Duk inda aka yanka, an bi gaɓar da ke cikin manhajar ne. Hadoop ta fita cikin sauƙi saboda tana iya tsayuwa ba tare da ta san komai game da fihirisa ba. Tika ma haka. Wahalar ta zo ne a wurin da gaɓar ba ta fito sarai ba, kuma wurin shi ne tsakanin Lucene da Solr.

Wa ke da ikon me

Kafin a shiga rikicin, sai an fahimci yadda Apache ke raba matsayi, domin nan ne masu sabon shiri suka fi zamewa. Mutum zai buɗe takarda ya rubuta: wane zai yi fihirisa, wance za ta yi fuskar manhaja, wane zai rubuta bayani. A kamfani wannan yana tafiya, saboda akwai albashi kuma akwai mai gida. A aikin sa-kai ba wanda ke da ikon ba wa wani umarni. Wanda ka rubuta sunansa a gaban fihirisa yana iya samun sabon aiki bayan wata biyu ya ɓace, ba kuma abin da za ka ce masa.

Saboda haka Apache ba ta raba ayyuka. Iko take rabawa, mataki-mataki. Kowa na iya kawo rahoton tangarɗa ko ya turo faci, wato gyaran kod da ya rubuta. Wanda ya daɗe yana turo faci mai kyau, yana amsa tambayoyin masu amfani, yana karɓar gyara ba tare da husuma ba, sai a zaɓe shi ya shiga cikin masu makulli, wato waɗanda ke iya shigar da canji cikin rumbun kod da hannunsu. Daga cikin masu makulli ake zaɓar 'yan kwamitin gudanarwa, waɗanda ƙuri'arsu ce ke halatta fitar da siga da kuma ƙara sabon mai makulli. Shugaban kwamitin ba shi da ƙuri'ar da ta fi ta kowa nauyi. Babban aikinsa kai rahoto ga majalisar daraktocin gidauniya duk bayan wata uku. Kuma matsayin na mutum ne shi kansa. Ko da kamfani ne ke biyansa albashi don ya yi aikin, makullin ba na kamfanin ba ne, yana tafiya da shi idan ya canza wurin aiki.

Ƙa'idojin ƙuri'ar ma an tsara su da hikima. Don a fitar da siga, ana buƙatar amincewar aƙalla 'yan kwamiti uku, masu amincewa su fi masu ƙi yawa, a kuma bar ƙuri'ar a buɗe aƙalla awa 72 domin wanda ke can wani ɓangaren duniya ya farka ya gani. Ba wanda zai iya hana fitar da siga shi kaɗai. Amma a kan canjin kod, mutum ɗaya mai ƙuri'a yana iya hawa kujerar na ƙi, muddin ya kawo hujjar fasaha, kuma rinjaye ba ya ture shi. Sai dai a gamsar da shi ko a gyara canjin. Mai kula da fitar da siga kuwa ɗan sa-kai ne daga cikin masu makulli, na wannan karon kawai: ya ware reshe, ya haɗa samfurin gwaji, ya sa masa hannu, ya kira ƙuri'a. Ƙananan gyare-gyare ba sa jiran taro; idan ka bayyana abin da za ka yi a rubuce, a bainar jama'a, ba wanda ya ce uffan, to shirun ya zama izini.

Ina jinjina wa wannan tsari ƙwarai, musamman bambancin da ya sa tsakanin fitar da siga da canjin kod. Ya hana mutum ɗaya riƙe aikin jama'a, ya kuma hana taron jama'a danne mutum ɗaya da ya hango ɓarna.

Matsalar da ta kai ga haɗewa

Kafin 2010, Lucene da Solr suna gida ɗaya amma kowace da masu makullinta, da rumbunta, da ranar fitowarta. Wannan ya haifar da ɓarna iri biyu.

Ta farko maimaita aiki. Mai aiki a Solr da ke buƙatar sabuwar hanyar yanka kalmomi, ko ta gane kalmomi masu ma'ana ɗaya, ba ya jiran a saka ta a Lucene, a jira fitowar siga, sannan a ɗauko. Sai ya rubuta ta a Solr inda yake da makulli. Ba laifinsa ba ne, hanya mafi kusa ya bi. Amma sannu a hankali kayan da suka dace da inji suka taru a cikin mota, inda sauran masu amfani da Lucene ba za su iya ɗauka ba sai sun kwashi Solr gaba ɗayanta. Wani lokaci a rubuta abu ɗaya sau biyu, a gyara kuskure a wuri ɗaya a manta da ɗayan.

Ta biyu tazara. Solr 1.4 ta fito a Nuwamban 2009 a kan jerin Lucene 2.9, a cikin watan kuma Lucene 3.0 ta fito. Masu amfani da Solr ba su da hanyar cin moriyar sabon sai an yi wani zagayen. Ta ɓangaren Lucene ma akwai asara, domin Solr ce babbar mai gwada ta a fagen aiki na gaskiya, amma sai an jima da yin canji kafin a gane ya karya wani abu a can.

Shawarar Maris 2010 ta zo da sharuɗɗa bayyanannu. Duk mai makulli a ɗaya ya zama mai makulli a duka biyun. Rumbu ɗaya. Duk canjin da aka yi, dole gwaje-gwajen duka biyun su wuce kafin a karɓe shi. Za a riƙa fitar da su tare da lamba ɗaya, shi ya sa Solr ta yi tsalle daga 1.4 zuwa 3.1 a Maris 2011. Amma kowace za ta ci gaba da zama manhaja daban ga mai saukewa. Sannan za a riƙa ciro kayan da suka dace da Lucene daga cikin Solr ana mayar da su sassa na kowa da kowa. Abin sha'awa, a Afrilun 2010 ne kuma Nutch da Tika da Mahout (manhajar koya wa kwamfuta daga bayanai) suka fice daga gidan Lucene suka zama manyan ayyuka masu zaman kansu, domin majalisar daraktoci ba ta son kwamiti ɗaya ya riƙa sa ido kan ayyukan da ba shi da masaniya a kansu. Wato a lokaci guda aka saki waɗanda gaɓarsu ta fito, aka ɗaure biyun da tasu ta cakuɗe.

Haɗewar ta biya. Masu yanka kalmomi suka koma wuri ɗaya, kowane harshe da sashensa, har ya zama wanda ya ƙware a harshe guda yana iya riƙe sashen nan ba tare da ya san cikin fihirisa ba. Kuromoji, mai yanka rubutun Japananci wanda ba a raba kalmominsa da sarari, ya shigo a siga ta 3.6 a 2012, kuma masu Lucene da masu Solr suka same shi rana ɗaya. A Oktoban 2012 aka fitar da 4.0, wadda a ɓangaren Lucene ta sake fasalin yadda ake rubuta fihirisa a faifai, a ɓangaren Solr kuma ta kawo SolrCloud mai raba aiki tsakanin kwamfutoci da yawa. Canji mai zurfi irin wannan, da a ce rumbunan biyu a rabe suke, da an daɗe ana kai ruwa rana kafin su sake daidaita.

Kuɗin da aka biya

Haɗa rumbu bai amsa tambayar da ta fi kowace wuya ba: idan an zo da sabon fasali, a ina zai zauna? Mai Solr yana son ya saka shi a Solr yau, masu amfani su samu gobe. Mai Lucene yana ganin a tsaya a gina shi a matsayin sashe na kowa, ko da zai ɗauki lokaci. Da can kowa na da gidansa, sai ya yi yadda ya ga dama. Yanzu kowa na da ikon hawa kujerar na ƙi a kan aikin ɗan'uwansa. Shekara ɗaya kacal bayan haɗewar, a 2011, ja-in-ja kan wannan batu ya yi zafi har aka kawo shawarar a rabu, maganar ta kai gaban majalisar daraktoci. Ba a rabu ba a lokacin, kuma ina ganin an yi daidai, domin aikin kwashe kayan bai yi nisa ba tukuna. Sai dai rikicin ya nuna gurbin da aka bari: an rubuta wa zai riƙe makulli, ba a rubuta ma'aunin da za a riƙa yanke hukunci da shi kan mazaunin sabon kod ba. Da an zauna an rubuta wannan ma'auni tun ranar farko, ko da sakin layi ɗaya ne, da an rage ɓacin rai mai yawa.

Sannan duniyar da ke kewaye ta canza. Wata ɗaya kafin haɗewar, a Fabrairun 2010, Shay Banon ya fitar da Elasticsearch, wata uwar garken bincike da ita ma aka gina a kan Lucene, kishiyar Solr kai tsaye. A 2012 aka kafa kamfani a kanta, wanda daga baya aka sani da Elastic, ya ɗauki wasu daga cikin ƙwararrun masu makullin Lucene aiki, kamar yadda kamfanin Lucid Imagination, wanda daga baya ya koma Lucidworks, ya tara ƙwararrun Solr. Sai aka wayi gari mutumin da albashinsa ke fitowa daga Elasticsearch, idan ya inganta wani abu a Lucene, dole ya shiga cikin Solr ya gyara duk abin da canjin ya taɓa, ya jira gwaje-gwajenta su wuce. Da yawa sun yi hakan shekara da shekaru da zuciya ɗaya, kuma wannan abin yabo ne. Amma tsarin da ya dogara ga mutum ya riƙa yi wa manhajar da ba ya amfani da ita hidima, nauyinsa ƙaruwa yake kullum.

Gwaje-gwajen ma sun zama kaya. Na Lucene galibi a cikin kwamfuta ɗaya suke gudana. Na SolrCloud kuwa sai sun tayar da uwayen garke da dama suna magana da juna, suna cin lokaci, wani sa'in su faɗi ba don kuskuren canjin da aka yi ba sai don saɓanin daƙiƙa. Mai ƙaramin faci a Lucene yana zaune yana jiran hukuncin abin da bai taɓa ba. Ranar fitarwa ɗaya kuma ta zama ɗaurin gwarmai: Lucene ta shirya, Solr ba ta shirya ba, ko akasin haka. A takarda masu makulli jeri ɗaya ne, a aikace sun koma ƙungiya biyu da 'yan kaɗan ke ratsawa tsakani. Wannan yana da illar da ba a cika gani ba: idan za a zaɓi sabon mai makulli saboda aikinsa a Solr, rabin masu ƙuri'a ba su taɓa karanta kod ɗinsa ba.

Rabuwar

A 2020 aka sake kawo maganar, wannan karon cikin ruwan sanyi, da hujjoji a rubuce, aka tattauna, aka kaɗa ƙuri'a, rinjaye ya zaɓi rabuwa. Abin da ya bambanta ta da yunƙurin 2011 shi ne, manufar haɗewar ta riga ta cika. Kayan da suka dace da Lucene sun koma Lucene. Gaɓar da a 2010 ba a iya ganinta yanzu ta fito, kuma shekara goma na zama a rumbu ɗaya ne suka fito da ita. Shi ya sa nake cewa shawarwarin biyu ba sa karo da juna.

Yadda aka aiwatar ma abin koyi ne. Ba a yi gaggawa ba. Majalisar daraktoci ta kafa kwamitin Solr a Fabrairun 2021, aka raba rumbun kod gida biyu tare da tarihin canje-canjen, aka kuma ci gaba da kula da jerin siga ta 8 a tsohon rumbu, domin waɗanda suka riga suka girka ta kada a bar su a tsakiyar hanya. Rabuwar ta fara aiki sosai ne daga siga ta 9.

A daidai wannan lokaci wani lamari ya nuna amfanin ajiye injin a hannun da ba na kamfani ɗaya ba. A Janairun 2021 kamfanin Elastic ya sanar da sauya lasisin Elasticsearch daga na Apache zuwa wasu masu tsauri. Amazon ta ɗauki siga ta 7.10.2, ta ƙarshe a tsohon lasisi, ta ɓalle da ita ta kafa OpenSearch, wadda a Satumban 2024 aka miƙa ga wata gidauniya a ƙarƙashin Gidauniyar Linux. Elastic ma a 2024 ta ƙara lasisin buɗaɗɗen tushe mai suna AGPL cikin zaɓinta. Duk wannan girgiza ba ta taɓa Lucene ba. Uwayen garke uku masu gogayya, Solr da Elasticsearch da OpenSearch, suna tsaye a kanta, ma'aikatansu suna haɗuwa a rumbunta suna duba facin juna. Da a ce Lucene na nan ɗaure da ɗaya daga cikin ukun, da zaman ya fi haka wuya.

Rabuwar ba kyauta ta zo ba, kuma Solr ce ta fi jin nauyinta. Tazarar da aka gudu a 2010 ta dawo. Lucene 9.0 ta fito a Disamban 2021, ɗauke da sabuwar hanyar binciken da ke auna kusancin ma'ana ta jerin lambobi, Solr 9.0 ba ta biyo ba sai Mayun 2022. Da Lucene 10.0 ta fito a Oktoban 2024 tana buƙatar Java 21, Solr ta ci gaba da tafiya a jerin 9. Wannan ba lallai aibi ba ne, domin masu girka uwar garke a manyan ma'aikatu sun fi son tafiyar hankali, kuma yanzu Solr na da damar zaɓar lokacinta. Amma wani aiki da a da yake faruwa da kansa, saboda mai canza Lucene shi ke gyara Solr a faci guda, yanzu ya zama aikin da sai wani a ɓangaren Solr ya ɗaga hannu ya ɗauka: ya bi canje-canjen Lucene, ya ɗauko sabuwar siga, ya gyara abin da ya karye, ya tabbatar tsofaffin fihirisoshin masu amfani suna buɗuwa, tunda alkawarin Lucene shi ne karanta fihirisar babbar sigar da ta gabata kawai.